Amsar tambayarka kan shofaj ɗin gaz, daga Setif

Yaya Alhaji,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina kasuwa, yaya jaurar bana? A gaishe mini da Inna da kyau, da Hajiya da yara, da mutanen shago baki ɗaya. Ni lafiya lau nake, aiki yana tafiya, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso. Ka ce direban nan da ke zuwa Tamanrasset ya kwatanta maka shofaj ɗin gaz, abin ɗumama ɗaki, ya ce a Aljeriya araha gare shi, har kana tunanin a sauko da ƴan kaɗan a gwada su a Babbar Kasuwa tsakanin Disamba da Fabrairu, a kuma ware wa Inna guda. Na zagaya na tambaya, nan Setif da El Eulma, na kuma zauna da masu haɗa shi a gidaje. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na rubuta. Direban bai yi maka ƙarya ba game da araha. Sai dai shi shago ya shiga, bai shiga gidajen mutane ya ga ramukan da ke jikin bangonsu ba, kuma a wajen ramukan nan maganar take.

Sanyin nan ba irin namu ba ne. Setif a kan tudu take, sama da mita 1,000 bisa teku. Daga Disamba zuwa Fabrairu ma'auni yakan faɗi ƙasa da sifiri da dare, ƙanƙara ta rufe hanyoyin duwatsu, a wayi gari ruwan da aka bari a waje ya daskare. A Maradi in an ce jaura ta yi tsanani, digiri 12 ko 13 ne da asuba, hantsi na ɗagawa kuma kowa ya tuɓe rigar sanyi. Mu sanyin ƴan awoyi muke yi, su na wata huɗu. Don haka a nan shofaj ba kayan alatu ba ne, ko gidan talaka ka shiga za ka tarar da shi.

Gaz ɗinsu iri biyu ne. Akwai na gari, wanda ke bin bututu ta ƙarƙashin ƙasa har cikin gida kamar ruwan pompo. Kamfanin gwamnati Sonelgaz ke da shi, shi ke da lantarki ma, takardar biyansu guda ce, tana zuwa wata uku-uku. Fiye da rabin gidajen ƙasar suna da wannan gaz, babban tushensa kuma Hassi R'Mel ne cikin Sahara, inda aka gano shi tun 1956, kafin ma su samu mulkin kai. Na biyun shi ne na butali, na kamfanin Naftal, mai kilo 13, dinari 200 a farashin hukuma. Ko da canjin banki ka lissafa bai kai jikka guda ta sefa ba. Ka tuna namu mai kilo 12.5 na baro shi jikka 3 da dala 150, ƙaramin mai kilo 6 jikka 1 da dala 160, farashin da aka tsayar bayan matatar SORAZ ta Zinder ta fara aiki a ƙarshen 2011, kuma mu ma muna ce masa sauƙi ne. In na ce daga Nijar nake, wasu sukan tayar mini da zancen bututun gaz da za a ja daga Najeriya ya ratsa ƙasarmu ya iso nan, wanda aka sake sa wa hannu a Alje cikin Yulin 2022. Nakan ce musu Allah Ya nuna mana.

Wannan bambancin farashi shi ne abu na farko da ɗan kasuwa zai duba. Shofaj mai butali in an buɗe shi duka yana cin kusan giram 300 a awa. Babban butalinmu ke nan awa 40 da ɗan wani abu. Wanda zai kunna awa huɗu kowane dare, kwana goma ya ƙarar da shi, uwargida kuma tana jiran gaz ɗin tuwo. Mutum nawa ne a Zariya ko Ali Ɗan Sofo za su jure wannan, balle Bagalam da Mokoyo?

Ta fuskar kaya kuwa, gaskiya sun yi mana nisa. El Eulma tana gabas da Setif, tafiyar kamar rabin awa a mota, a can ne kasuwar da suke ce wa Dubai take, inda ƴan kasuwar kayan gida na ƙasar ke zuwa sari. Da yawa daga shofaj ɗin a cikin ƙasar ake haɗa su: Condor da Cristor a Bordj Bou Arreridj, ga ENIEM da Sonaric na gwamnati. Kana saye a ba ka takardar garanti da hatimin shago, da ɗan littafin bayani da Larabci da Faransanci, kayan gyara kuma ba sai an aika wata ƙasa ba. Ka san yadda namu yake. Kaya ya shigo ta Jibiya ko daga Dubai ta gaske, kwali ya yage a hanya, littafin ya ɓata, mai saye yana fita daga shago shi da Allahnsa.

Wanda ya fi yawa a gidajen nan babba ne, akwatin ƙarfe mai tsayi har ƙugu, ana girke shi jikin bango wuri guda, ba ya motsi. Yana da ɗan gilashi da ake hango wutar, ta baya kuma bututu ya fita ya shiga hanyar hayaƙi da aka gina cikin bango har saman rufi. Abin da ya ƙone yana fita ta can, amma iskar da wutar ke ci daga cikin gida take jawo ta. Akwai wani da ya fi shi, mai bututu biyu ɗaya cikin ɗaya da ke huda bango kai tsaye: ta ɗaya yake shaƙo iskar waje, ta ɗaya yake fitar da ƙonanniya, bai haɗa komai da iskar ɗaki ba. Shi ya fi aminci, shi ya fi tsada. Sai na ukun, mai ƙafafun taya, wanda ake sa butali a cikinsa ta baya, gabansa kuma faranti uku su yi ja in an kunna. Ba shi da bututu ko kaɗan. Duk abin da ya ƙona a ɗakin yake zama, tare da mutanen da ke ciki. Na tabbata shi direban ya gani, don shi kaɗai za a iya saukewa daga mota a kunna a Maradi ba tare da an kira magini ba.

Yanzu ga lissafin da nake so ka riƙe. Wuta numfashi take yi da irin iskar da muke numfashi da ita, oksijin, wadda kashi 21 cikin 100 ce ta iskar duniya. Kilo guda na gaz ɗin butali yana bukatar iska kusan mita kubik 12 kafin ya ƙone sarai. Ɗauki ɗaki irin na Inna, mita 4 da mita 4, tsayi mita 3, iskar cikinsa mita kubik 48 ke nan. In aka rufe shi ruf aka buɗe shofaj duka, awa biyu ba za ta cika ba oksijin zai sauko wajen kashi 18. Daga nan wuta ba ta samun abin da ya ishe ta. Ba mutuwa take yi ba, ci gaba take da ci, amma ƙonewar ba ta cika, sai ta riƙa fitar da iskar da likitoci ke kira monoksid ɗin karbon, wadda ake rubutawa CO. Harshen wutar da ya kamata ya zama shuɗi tsaye sai ya koma rawaya yana lanƙwasa, baƙin kunkunniya ya fara taruwa a jikin ƙarfen da bangon da ke sama.

Mutanenmu suna cewa ai in gaz na zuba za a ji wari. Gaskiya ne, don da gangan ake zuba masa sinadari mai wari tun daga matata. To wannan warin na gaz ɗin da bai ƙone ba ne. Ita CO ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Tana shiga jini ta kama gurbin oksijin, riƙon da jini ke yi mata kuma ya ninka na oksijin sau 200 da ɗoriya. Mutum ya fara da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ƙafafu su yi nauyi, tunani ya rikice. Wanda ke farke yana iya rarrafawa ya kai ƙofa. Mai barci ba ya sanin an yi.

Masu ƙera shofaj mai taya sun san da haka, shi ya sa na kirki yana da ƴar ƙaramar wuta a gefe wadda aka auna ta yadda in oksijin ya ragu za ta ɗage ta mutu, tana mutuwa kuma gaz ya yanke da kansa. Dabara ce mai kyau. Abin da nake tsoro shi ne ƙurarmu da masu gyaranmu. Ƙurar hunturu za ta toshe ƴar kafar nan cikin mako kaɗan, shofaj ya riƙa mutuwa ba dalili, mai shi ya ɗauka ya kai bakin kasuwa. Yaron da ke gyaran risho zai buɗa kafar da allura ko ya ɗaure maɓallin da waya, wuta ta daina mutuwa, a biya shi a yi masa godiya. Ya cire abu ɗaya tilo da ke tsakanin iyalin da maƙabarta, shi bai sani ba, su ba su sani ba.

A nan ba a dogara da na'urar kaɗai. Duk gidan da aka ja wa gaz, a madafa da wurin da shofaj yake za ka ga kafa biyu a bangon waje, an rufe su da raga: ɗaya ƙasa, kamar taƙi guda daga daɓe, ɗaya sama kusa da rufi. Ta ƙasa sabuwar iska ke shigowa, ta sama mai zafi ke fita, haka suke aiki dare da rana ba lantarki ba komai. Ƙofofin cikin gida ma ana rage musu tsawo kaɗan ta ƙasa don iska ta ratsa daga ɗaki zuwa ɗaki. Ba a buɗe wa sabon gida gaz sai an gwada bututunsa an tabbatar ba ya zuba. Kafin sanyi ya shigo kuma mai hankali yakan kira mai gyara ya hau rufi ya share hanyar hayaƙi, don tsuntsaye na yin sheƙa a ciki lokacin bazara, wani lokaci ma buraguzan gini ne ke faɗawa su toshe ta.

Duk da haka, Yaya, kowace shekara sama da mutum 100 ke mutuwa a ƙasar nan ta wannan hanya, dubbai kuma ake kwasa zuwa asibiti. A Janairun 2023 an rasa mutum 17 cikin kwana guda. Tara ƴan gida ɗaya ne a Bou Saada, shida kuma mata da miji da ƴaƴansu huɗu a nan jihar Setif. Bayan wannan ne shugaba Tebboune ya ba Sonelgaz umurnin raba wa gidaje na'urar gargaɗi kyauta, kuma tun daga lokacin ma'aikatansu ke bi gida-gida suna kafa biyu-biyu. Ma'aikatar kasuwanci ma ta wajabta a sayar da shofaj tare da na'urar. In sanyi ya gabato sai ka ji gargaɗi ta rediyo da talabijin, a makarantu, har a masallatai. Lambar ƴan kwana-kwanarsu 14 ce, suna zuwa da oksijin a mota, ba sa tambayar ko sisi.

Ka ga ƙasar da ke da bututu, da doka, da masu dubawa, da motar ɗaukar marar lafiya, amma tana binne iyalai sukutum. Dalilin kuwa ba wani mai wuyar ganewa ba ne. Iska mai sanyi na shigowa ta kafar ƙasa tana dukan ƙafa, sai maigida ya yanko kwali ya manna, ko uwargida ta cusa tsumma, ko a jingina kabad a wurin. Wani ya haɗa shofaj da kansa don kada ya biya mai gyara, bututun ya zauna a karkace. Wani ya sa na'urar dafa ruwan wanka a cikin makewayi marar taga, ya shiga ya rufe ƙofa. Akwai kuma tabuna, wani murhun gaz mai faɗi da mata ke gasa gurasa a kai, wanda marasa hali ke kunnawa tsakiyar ɗaki su kwana da shi.

Aikina ma yana da hannu a ciki, don ka san tagogin alminiyom muke haɗawa. Tsofaffin tagogin katako na nan duk suna da ƴan kafofi, iska na satar hanya ta shigo ko an rufe. Namu na yanzu da roba ake zagaye su, wasu gilashi biyu ne, in ka rufe ko ƙarar mota ba ka ji sosai. Mutum ya kashe kuɗi ya canza tagogin gidansa duka, ya ji daɗi ɗumi ya zauna, shofaj ɗinsa na shekara goma kuma yana nan yadda yake, sai dai iskar da yake samu a da ta yanke. Maigidan da nake yi wa aiki ba ya yarda mu bar gida sai ya duba kafofin bango, in ya tarar an toshe ya sa a buɗe a gabansa. Wasu masu gida har haushinsa suke ji. Alama ɗaya da na koya a wurinsa: in ka shiga gida ka ga gilashin taga yana zufa ruwa na gangarowa, iska ba ta wadatar ba. Kilo guda na gaz in ya ƙone yana sakin ruwa kusan lita ɗaya da rabi a matsayin tururi, in ba shi da mafita a bango da gilashi yake kwanciya.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi ƴan uwanmu ne da ke kwana a gine-ginen da ba a gama ba, ƴan Kance da Matamai da na wajenmu. Su ba shofaj ba na'ura. Leda suke bugawa a tagogi, su tara guntayen katakon kafinta ko gawayi a cikin gwangwani, su kwanta kewaye da shi su bakwai su takwas. In wani ya kasa tashi da safe kuma ana tsoron kiran 14 saboda takardu, kada a kora su a ƙare a Assamaka, bakin iyakarmu da Aljeriya. Duk wanda ka ji zai taho, ka gaya masa wannan kafin ka gaya masa farashin mota.

Da na yi ta kallon nasu sai na ga namu ne ma ya fi ban tsoro, don mu mun daɗe muna yi ba mu san sunansa ba. Ɗakin kara da na ciyawa iska na ratsa su ta ko'ina. Shigifa irin ta gidan Kaka tana da ƴan kafofi a sama, ƙofarta kuma asabari ne. Kakanninmu sun kwana da wuta a irin waɗannan ɗakuna, hayaƙi ya dame su, amma iska na shiga tana fita. Yanzu fa? Siminti, rufin kwano da silin a ƙasansa, ƙofar ƙarfe, tagar gilashi mai zamewa. Hunturu na busowa mata su bi ƙasan ƙofa da tsumma saboda ƙura, a saki labule mai kauri. Sai a kawo al'adar ɗakin kara a shigar da ita ɗakin siminti: an gama shayi a jawo mangal ciki don kada garwashin ya tafi a banza, a kai wa tsohuwa kaskon wuta, a ajiye wa mai jego nata kusa da gado ita da jariri. Ana cewa a bari hayaƙin ya ƙare tukuna, in garwashi ya yi ja ba abin da zai yi. Wannan kuskure ne babba. Garwashin da ya yi ja ba hayaƙi yana fitar da CO fiye da shofaj ɗin gaz mai lafiya nesa ba kusa ba, sai dai ba abin da zai sa ka tari ka tashi ka buɗe ƙofa. Haka gurup, injin ba da wutar lantarki. Tun lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023 mutane da yawa suka saya, kuma saboda ɓarayi a zaure ko cikin shago ake kunna shi a ja ƙofa. Gurup waje ne wurinsa, nesa da taga.

Sau nawa muka ji an ce ƴan ɗaki kaza sun tashi da ciwon kai da amai, aka ce masassara ce, ko tuwon dare ne ya ɓaci, ko iska ce ta taɓa su? Abin lura shi ne a ga duk waɗanda suka kwana ɗaki guda sun kamu lokaci guda, jiki ba zafi, in sun fito tsakar gida kuma su fara jin sauƙi. In an ga haka a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da kowa, a kashe wutar in ana iyawa, a kira 18, lambar ƴan kwana-kwanarmu, ko a nemi mota zuwa asibiti. Madara da manja da ake ɗura wa mutum ba sa cire komai daga jini, wanda ya suma ma shaƙe shi za su yi. Maganin oksijin ne. Da iskar waje kaɗai sai an yi awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ta fita, da oksijin tsantsa kuwa awa ɗaya da ɗan kai. Mai ciki ko ta ce ta warware a kai ta, don abin ya fi kama ɗan da ke ciki. Ka nuna wa ƙanwarmu ta asibiti wannan wurin: ƴar na'urar da suke maƙala wa marar lafiya a yatsa ba ta bambance CO da oksijin, tana iya nuna 98 alhali mutum na cikin haɗari. Su tambayi inda ya kwana da abin da aka kunna.

Saura wani tarko da ya shafe ka kai tsaye a matsayin mai saro kaya. Yawancin shofaj ɗin da ke cike da shagunan El Eulma na gaz ɗin gari ne, ba na butali ba. Gaz biyun ba ɗaya ba ne. Na gari ya fi iska sauƙi, in ya zuba sama yake yi. Na butali ya fi ta nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma ya fi ƙarfin wuta, don haka ƴar kafar da yake fitowa ta cikinta ta fi ƙanƙanta. In ka ɗauki na gari ka haɗa masa butali ba a canza wannan bakin ba, gaz zai fito fiye da iskar da ke akwai, wuta ta tashi rawaya tana baƙi, CO kuma tun daga minti na farko, ko taga a buɗe take. A ido ba ka bambance su, sai ka karanta ƴar farantin da ke manne a baya. Direba ba zai karanta ba, yaron shago ba zai karanta ba. Kan butalin ma, wanda ke daidaita ƙarfin fitar gaz, a duba, na irin wannan gaz milibar 28 zuwa 30 ne, tiyon roba kuma akwai shekarar da za a jefar da shi a rubuce a jikinsa. Ban taɓa ganin wanda ya duba wannan shekara a gida ba, sai tiyo ya tsage a naɗe shi da roba.

To ga ra'ayina, kai ne babba. Kada ka sa kuɗinka a shofaj don sayar wa gidaje. Kasuwarsa wata biyu ce, gaz ɗinsa ya fi ƙarfin yawancin mutane, wanda ya saya kuma a ɗakin kwana zai sa shi ya rufe ƙofa, don abin da ya saye shi dominsa ke nan. Ba za ka bi kowa gida ka huda masa bango ba. In wani abu ya faru, ba za a ce iska ce ta yi kaɗan ba, cewa za a yi kayan shagon Alhaji ne. Masu kiwon kaji su ne na ga suna da bukata ta gaske, masu ɗumama ƴan tsaki da gawayi, amma su ma akwai irin nasu daban da ake ratayawa, kuma sai an hana yaran da ke gadi kwana a cikin ɗakin. Akwai shofaj na lantarki mai mai a ciki, ba wuta ba hayaƙi, lafiya lau ne a ɗakin kwana, sai dai yana jan wat 1,500 zuwa 2,000, ka san abin da takardar Nigelec za ta ce. In kana son kayan sanyi daga nan da ba za su hana ka barci ba, bargo ne. Nasu masu kauri ne, mutanenmu sun riga sun san su, ba sa lalacewa in sun kwana shekara a sito.

In duk da haka wani babban mutum ya matsa sai ka kawo masa, to ya zama na butali tun daga masana'anta, mai ƴar wutar nan da ke yanke gaz, kuma ka haɗa masa da na'urar gargaɗi a kuɗi guda, kada ka raba. Ka gaya masa a falo ake kunnawa, taga a ɗage kamar faɗin hannu, kada ya wuce awa biyu a jere, nesa da labule da katifa, a kashe shi daga kan butali kafin a kwanta. Na'urar kuma a kula, don iri uku ne masu kama da juna: ta hayaƙi, ta zubar gaz, da ta CO. Wadda muke nufi an rubuta CO a jikinta da lamba EN 50291. Ana kafa ta mita ɗaya zuwa uku daga wutar, ko daidai kan mai barci in ɗakin kwana ne. Tana da maɓallin gwaji, tana kuma da shekarun aiki, daga biyar zuwa goma gwargwadon irinta, bayan nan ko tana ƙyalli ta gama.

Maganar Inna kuwa, shofaj ba nata ba ne. Na san ba za ta rabu da kaskonta ba, duk abin da za mu faɗa, cewa za ta yi tun kafin a haife mu take kwana da shi. A samu magini ya huda mata kafa biyu a bangon da ke kallon tsakar gida, ba na gabas ba inda ƙura ke bugowa, ɗaya ƙasa ɗaya sama, kowace kamar faɗin tafin hannu biyu, a sa raga saboda sauro da ɓera. Ragar tana cikewa da ƙura, sai a sa yara su riƙa goge ta duk Juma'a. Kaskon ya ɗumama ɗakin da magariba tana zaune ƙofa a buɗe, bayan isha'i a fitar da shi, wannan aikin a ɗora wa mutum guda, kada a bar shi ga kowa da kowa. Zan ba direban bargo biyu nata da na'urar CO biyu, ɗaya ɗakinta ɗaya zauren da kuke kunna gurup. Da ƙananan batura irin na rediyo suke aiki, akwai su a shagonka. Ka gargaɗe ta tun da wuri cewa ƙararta na da ƙarfi, kada ta tsorata ta sa a cire baturan. Kuɗin magini ka biya, ka cire daga abin da zan aiko ƙarshen wata.

Ƙanenka, daga Setif.